Kamu Guda Daga Ƙasa

A ƙasar Tagris, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, akwai wani direban tarakta wanda duk mai lura da ya gamu da shi bisa hanya zai ga abu guda: cokalin ɗibar ƙasa da ke gaban motarsa ba ya wuce gwiwar mutum. Ko da kaya ko babu kaya, ko a jigawa ko a fako, haka yake tafiya da shi, bakinsa a karkace sama kamar hannun mai tallabe da ƙwaryar nono. Samarin da ba su san labarinsa ba sukan yi masa ba'a, su ce motarsa tafiyar amarya take yi, kai a sunkuye. Shi kuwa ba ya tanka musu. Dattawan gari sun san dalili, domin dalilin yana nan cikin gari da ransa, yana ɗingishi da ƙafar hagu.

Kafin a kai ga wannan labari, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da ake magana a kanta. Arewacin Dakoro wuri ne da noma da kiwo suka yi iyaka. Tun cikin watan Mayu na 1961 hukumar Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya, kuma kwarin Tarka da ya ratsa ƙasar Dakoro yana cikin wuraren da aka fi ambata in ana zancen wannan iyaka. Ƙasa ce ta rairayi da tuddai, mai sabara da anza da aduwa, wadda Hausawa da Fulani da Abzinawa ke zaune cikinta tare. Mutanenta sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, sun ga yunwar 2005, sun kuma ga yadda bisashe suka zube a 2010 saboda rashin abin kiwo. Wanda ya ga waɗannan shekaru ba ya kallon ciyawa a matsayin haki kawai. Ciyawa dukiya ce, shi ya sa ma dokar kiwo ta 2010 ta sa ƙa'idoji a kan kwasarta. Babban abokin gabarta kuwa shi ne gobarar daji, wadda kan tashi bayan ɗaukewar ruwa, iska ta kora ta, ta cinye kiwon wata da watanni cikin yini guda. Saboda haka ne ake share dogayen hanyoyi masu faɗi cikin daji da kaka, don in wuta ta iso ta rasa abin ci ta tsaya. Galibi da hannu ake wannan aiki, amma inda aka samu tarakta ita ake sa wa gaba.

A da, ganin tarakta a waɗannan ƙauyuka abin kallo ne. Daga baya ta yawaita, musamman bayan da gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ƙaddamar da shirin 3N a 2012, wato shirin ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, lokacin da aka yi ta kiran manoma su rungumi injuna. Wasu taraktocin ta hannun hukuma suka shigo, wasu kuma ƴan kasuwa suka sayo, sabbi da na hannu, suna bayar da su haya. Wadda ta iso Tagris ta wani alhaji ce ɗan kasuwar Maraɗi. Tsohuwa ce, amma injinta lafiya lau, kuma tana da hannuwa biyu na ƙarfe a gaba masu ɗauke da cokali, wanda ƙarfin mai ke ɗagawa da saukewa. Da damina ta yi huɗa, da kaka ta ja injin yankan ciyawa, da rani kuma ta ɗebi ƙasa da yashi ga masu gini.

Direban da alhajin ya damƙa wa ita ɗan Tagris ne, shekarunsa ba su kai 30 ba a lokacin. Ya daɗe yana yaron mota a wata babbar mota mai jigila tsakanin Maraɗi da Dakoro, ya iya tuƙi, ya iya ɗan gyara. Koyon tarakta kuwa mako guda ya ɗauke shi, a wani fili bayan gari: ga giya, ga birki, ga sandar da ke ɗaga cokali, ga wadda ke sauke shi. Babu wanda ya gaya masa a wane tsayi ake tafiya da cokalin, shi ma bai ga abin tambaya a ciki ba. Littafin motar ya daɗe da ɓacewa a hannun masu ita na farko, kuma ko yana nan, ba da Hausa aka rubuta shi ba.

Mutum guda ne ya yi masa magana. Kawunsa, wan mahaifiyarsa, tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa katafila a ma'aikatar gyaran hanyoyi, har ido ya gaza ya dawo gida. Ranar da saurayin ya shigo gari da tarakta, cokali a sama kamar raƙumi ya miƙa wuya, yara na bin sa da gudu, tsohon yana zaune gindin bedi. Da aka gama gaisuwa sai ya ce: "Ɗana, sabko da cokalin ga ƙasa. Ba a tafiya da shi bisa."

Saurayin ya durƙusa ya ce: "To, Kawu, na jiya." Amma a ransa ya ɗauka maganar tsofaffi ce, waɗanda kome sabo tsoro yake ba su.

Gaskiya ita ce yana da hujjojinsa, kuma ba duka ne na banza ba. In yana yankan ciyawa, injin yankan yana baya, cokalin wofi yana gaba. Idan ya sauke shi, yana jin tsoron ya ci karo da kututture ko suri da ciyawa ta rufe. Idan ya bar shi tsaka-tsaki, ya tare masa gani. Sai ya ga mafi sauƙi ya ɗaga shi can sama, ya riƙa hangen hanya ta ƙarƙashinsa. Akwai kuma hujja ta uku wadda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya: mota ta fi kwarjini in cokalinta yana sama, kuma ana hango ta tun daga rijiya, inda ƴanmata ke ɗibar ruwa.

Daminar 2020 ta yi ruwa ƙwarai a Nijar, har ambaliya ta yi ɓarna a wurare da dama. A arewa ciyawa ta tashi sosai, ƙarangiya da komayya suka rufe daji, saboda haka tun cikin watan Oktoba aka fara fargabar gobara. Aka yi jinga da alhajin, tarakta ta shiga daji. Kwana tara direban yana yanka, cokali a sama, babu abin da ya faru. A rana ta goma da la'asar, yana kan hanyar komawa gida, sai wasu maƙwabta suka roƙe shi ya ɗebo musu laka daga wani tabki da ya fara ƙafewa, za su yaɓe rumbu. Ya kwance injin yankan ya bar shi a bakin aiki, ya gangara tabki, ya cika cokali da ɗanyar laka har ta yi tozo. Ƙanensa, yaro ɗan shekara 12 wanda ya kawo masa fura, ya haye ya zauna bisa murfin ƙafar baya ta hagu, kamar yadda ya saba.

Daga tabkin zuwa gari akwai wani tudun rairayi. Hanyar amalanke ba ta hau shi kai tsaye ba, ta bi gefensa ne, ɓangaren hagu yana ƙasa. Direban ya ɗaga cokali sama yadda ya saba, ya ƙara wuta don kada rairayi ya riƙe shi. A tsakiyar gangaren ƙafar gaba ta hagu ta faɗa wani rami, irin wanda gafiya ko dila ke haƙawa, wanda zurfinsa bai fi taƙi guda ba. Ya murɗa sitiyari zuwa sama don ya fita. Abin da ya tuna bayan haka shi ne ya ga ƙafar baya ta dama ta rabu da ƙasa a hankali, kamar a mafarki, sannan sama da ƙasa suka juye. Shi motar ta watsar da shi cikin sabara, ya tashi da ƙujewa kawai. Yaron kuwa ta danne masa ƙafa daga gwiwa zuwa ƙasa.

Sai da aka tara maza da igiyoyin rijiya da shanun noma biyu kafin a ɗaga ƙarfen a zaro shi. Aka kai shi gidan likita a amalanke, daga nan aka nemi mota zuwa Dakoro cikin dare, daga Dakoro aka wuce da shi Maraɗi. Allah ya yi da sauran kwana, ba a yanke ƙafar ba, amma ba ta koma daidai ba. Gidansu ya sayar da saniya da tumaki huɗu. Masu zuwa jaje kowa da abin da yake faɗa, kuma maganar ba ta wuce guda: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mahaifiyarsu ba ta ɗaga murya ga babban ɗanta ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi masa duka ciwo.

Kawun bai ce "na gaya maka" ba. Sai da aka yi kwana arba'in, yaro ya dawo gida da sanda, sannan ya kira direban bayan sallar isha'i, ya kai shi madafar gidan, ya nuna masa murhu. Ya ce: "Duwatsu nawa ka gani?" Ya ce uku. Tsohon ya ce: "To, motarka ma bisa uku take tsaye, ba bisa huɗu ba."

Wannan magana gaskiya ce ta makanikai. Ƙafafun baya na tarakta a kafe suke da jikinta, amma gatarin ƙafafun gaba a kan ƙusa guda yake rataye a tsakiya, yana lilo hagu da dama don motar ta iya bin ƙasa mai gargada. Ke nan, a farkon karkacewa, abin da ke riƙe da ita wuri uku ne: ƙafafun baya biyu da wannan ƙusa ta gaba. In aka ja layi tsakaninsu za a ga siffa mai kusurwa uku, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyinta duka ya taru. Muddin wannan cibiya tana bisa cikin siffar nan, mota tana tsaye. Ranar da ta leƙa waje, mota ta tafi. Cokali mai kaya yana jan cibiyar zuwa gaba, wajen tsinin, inda wuri ya ƙuntata. Ɗaga shi kuma yana jan ta sama, kuma iyakar nisanta da ƙasa, iyakar ƙanƙantar karkacewar da za ta fitar da ita waje.

Babu baƙon ilimi a nan ga mutanen karkara. Mai jaki yana rataya mangala ƙasa-ƙasa a gefe biyu, ba ya tula kaya bisa gadon baya. Mai raƙumi yana sa gishiri ƙasa, tabarmi a sama. Mace mai tulu a kai tana iya bin gefen tudu ba tare da ruwa ya zube ba, amma don tana da wuya da ƙugu ne, tana gyara tsayuwarta a kowane taki. Tarakta ba ta da wuya, ba ta da ƙugu. Yadda ƙasa ta karkata, haka take karkata, da ita da abin da ta ɗauka.

In aka koma ga lissafi, abin ya fi ba da tsoro. Mita guda ta kowane gefe ta busasshen yashi tana kai kilo 1.500 ko fiye, ɗanyar laka kuma ta fi haka nauyi. Cokalin da ke cin rabin wannan yana ɗauke da kimanin kilo 800, wato buhun hatsi takwas na kilo 100. Hannuwan ƙarfen suna iya kai shi mita 3 sama. Duk wanda aka ce ya ɗora buhu takwas bisa rufin ɗaki, ya sa wa ɗakin ƙafafu, ya bi gefen tudu da shi a guje, zai ce hauka ne. Ko cokalin wofi ma, shi da hannuwansa ɗaruruwan kilo ne. Ga kuma gudu: ƙarfin da ke tura mota waje a kwana ba ya tafiya daidai da gudu, in gudu ya ninka biyu shi ninkawa huɗu yake yi. A ranar nan an haɗa su duka: kaya mai nauyi, a sama, a gefen tudu, da gudu, da murɗa sitiyari zuwa sama. Daɗin daɗawa, injin yankan da ke baya, wanda nauyinsa ke danne ƙafafun baya kwana tara, an kwance shi. Ramin gafiya ƙarshen zance ne kawai.

Alhajin ya gyara motarsa, ya cire kuɗin daga albashin direban kaɗan-kaɗan, bai kore shi ba. Da ya koma aiki sai tsoro ya kai shi ɗaya gefen. Ya riƙa tafiya da cokali yana kusan shafar ƙasa, bakinsa a miƙe. Ba a yi mako biyu ba bakin cokalin ya caki wani suri da ke ɓoye cikin ciyawa. Motar ta tsaya cak, ƙirjinsa ya bugi sitiyari, ɗaya hannun ƙarfen ya lanƙwashe. Da ya je wa kawunsa da wannan sabon labari, tsohon ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba, ya miƙa hannunsa, ya nuna daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya ce: "Kamu guda, ɗana. In ƙasa ta yi daidai, ka rage. In ta yi gargada, ka ƙara kaɗan. Amma kada ya kai hancin motar, kuma bakinsa ya dubi sama."

Abin da masu ƙera waɗannan injuna ke rubutawa cikin littattafansu bai yi nisa da awon tsohon ba: a tafi da cokali ƙasa iyakar yadda zai yiwu, gwargwadon yadda ba zai taɓa ƙasa ba, abin da galibi kan kama santimita 30 zuwa 50. A wannan tsayi nauyi yana ƙasa, direba yana gani ta bisansa, kuma in motar ta fara karkata yana iya sauke shi nan take ya dafa ƙasa. Karkata bakin sama yana sa in an gamu da tudu gindin cokalin ya goge shi ya wuce maimakon ya cake. Ba a ɗaga shi sai an iso wurin juyewa, a ƙasa mai daidai, mota a tsaye ko tana rarrafe. Wajen yankan ciyawa kuwa, mafi kyau a kwance cokalin gaba ɗaya a ajiye, tun da ba shi da aiki a wurin, in motar irin wadda ake iya kwancewa ce.

Sauran ƙa'idojin ma direban ya koye su ɗaya bayan ɗaya. In cokali yana da kaya, a sa nauyi a baya, ko a ɗura ruwa cikin tayoyin baya. Ba a ratsa gefen tudu in da hali, a hau shi kai tsaye, kaya suna duban sama: a hau da gaba, a sauko da baya. A bisa hanya a haɗe birkin hagu da na dama wuri guda, don taka guda kaɗai yana fizgar mota gefe. In an shiga garin da ke da lantarki a tuna da wayoyin sama. In an tsaya a sauke cokali har ƙasa kafin a kashe inji, domin mai ne ke riƙe da shi, kuma tiyon mai yana fashewa ba da sallama ba, ga yara da awaki masu son inuwa. Ba a ɗaukar mutum cikin cokali. Kujerar tarakta guda ce, don haka mai hawanta guda ne.

Wannan matsala ba ta Tagris ce kaɗai ba. A Amurka, inda noma ya daɗe da komawa hannun injuna, kifewar tarakta ta daɗe tana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe manoma a bakin aiki. Ƙasar Suwidin ce ta fara tilasta wa masu sayar da sabbin taraktoci, a 1959, su sa musu wani ƙaƙƙarfan ƙarfe da ke kewaye kujerar direba, wanda in mota ta kife yake tokare ƙasa ya bar wa mutum wurin tsira, kuma mace-macen suka ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. A Amurka an sa irin wannan doka a 1976 ga taraktocin da ƴan ƙodago ke tuƙawa. Ƙarfen yana aiki ne tare da ɗamarar kujera, don kada direba ya fita daga inda aka kare. Amma da yawa daga tsofaffin taraktocin da ke yawo a karkara ba su da shi. Abin da ake gani bisa kansu rumfa ce ta siraran bututu da mai walda ya haɗa don rana, wadda ba ta iya ɗaukar nauyin mota. A irin wannan mota ɗaura ɗamara ma haɗari ne. Kuma ko ƙarfen na gaskiya ne, direba kaɗai yake karewa, ba ya kare yaron da ke zaune bisa murfin taya.

A nan ne maganar ta wuce kan direba guda. Ana shigo da inji, a yi bikin miƙa makulli, a ɗauki hoto, amma ilimin da ya kamata ya rako shi sai a bar shi a baya. Mai mota yana tambayar kuɗin gazuwal da kuɗin jinga, ba ya tambayar wa ya koya wa yaronsa. Alhali kuwa abin da ake bukata ba shi da tsada: yini biyu na horo kafin a miƙa makulli, takarda guda da Hausa, da boko da ajami, a manne kusa da sitiyari, da ƴan mintoci a gidajen rediyon karkara lokacin kaka. Imani da ƙaddara wajibi ne, amma ba ya ɗauke wa mutum nauyin abin da hannunsa ke iya gyarawa, kuma sandar da ke sauke cokali tana nan dab da hannun dama na kowane direba.

Kawun ya rasu da bazarar da ta biyo. Yaron ya girma, ya zama saurayi, kuma bai guji tarakta ba kamar yadda aka zata. Shi ne ke shiga daji kwana guda kafin yanka, da sandarsa da tsummoki, yana bin layin da za a share a hankali, yana kafa alama a kan kowane kututture da suri da rami. Washegari wansa ya biyo alamun, shi kuma yana can nesa gindin aduwa, don injin yanka yana jifa da duwatsu. Bai sake hawa murfin taya ba, kuma babu yaron da ya sake hawa. Kwanan baya alhajin ya aiko da wani sabon yaro daga Maraɗi don a koya masa aiki. Kafin direban ya nuna masa giya ko birki, sai ya kai shi gaban motar, ya sa shi ya durƙusa, ya kafa gwiwar hannunsa a ƙasa, yatsu a miƙe sama, sannan ya sauko da cokali a hankali har gindinsa ya taɓa kan yatsun. Ya ce masa: "Nan ne wurinsa." Yaron ya tambayi dalili. Direban ya ce ya bari sai an sha fura, ƙanensa zai ba shi labari.

Allah ya kiyaye masu nema a daji da bisa hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya.